Kafin ka sayi injin fatsa, ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta ce ka tara 'yan kuɗin albasarka za ka sayi injin fatsa irin wanda kake gani a waya, mai kwarkwaro a bisa sanda. Allah ya sa albarka. Amma zauna mu yi magana tukuna, domin abin nan ba ya jure gaggawa.

Ka fara tambayar kanka kifin da kake nema. Idan karfasa ce a barajin Mozage ko na Zango, inda ake tare ruwan Magiya domin noman rani na Ƙonni, to gora da zaren lailon da tana sun ishe ka, saboda koto marar nauyi ba ya iya jan kwarkwaron wannan inji. An yi shi ne domin koto mai nauyi, giram 10 zuwa sama, da kifi mai ƙarfi kamar babbar tarwaɗa ko giwan ruwan da ake samu a tafkin Ɗan Dutsi, can wajen Bagaruwa.

In ka je saye, kada sunan Shimano ko Daiwa ko Abu Garcia a jikin kwali ya ruɗe ka, jabu ta yi yawa a kasuwa. Riƙe shi a hannu, ka juya, ka saurara ko yana ƙara kamar da yashi a ciki. Duba ko mariƙin na dama ne ko na hagu, domin ba a sauya masa gefe. Mai birkin maganaɗisu ya fi sauƙi ga mai koyo, kuma wanda aka rubuta wa 6.4:1, wato kwarkwaro ya juya sau shida da ɗoriya a kowane zagaye na hannu, shi ne matsakaici.

Wahalar tana wurin jifa. In ka wurga, kwarkwaron da kansa yake juyawa yana sakin zare. Koto kuwa iska tana rage masa gudu, ya faɗa ruwa, shi kwarkwaro bai sani ba yana ta juyi, sai zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Maganinsa babban yatsanka ne. Yana shafar zaren a hankali tun daga fitarsa, sannan ya danne daidai lokacin da koto zai taɓa ruwa. Wannan ba a koyonsa da baki, saboda haka kada ka fara a bakin ruwa gaban jama'a. Tafi filin bayan gari da dalma marar ƙugiya, ka ɗaure ɗan maɓallin gefe har dalmar ta riƙa sauka sannu-sannu in ka saki, kwarkwaro ya tsaya da zarar ta taɓa ƙasa. Ƙara birki sosai, ka yi jifa gajere, ka ba iska baya. Nisa zai zo daga baya, sa'ad da ka fara sassauta birkin kaɗan-kaɗan. Ka sa lailon mai ɗan kauri mai araha, domin za ka ɓata da yawa.

Ranar da ya cukurkuɗe, kuma zai yi, kada ka fizga, kada ka ɗauko reza. Zauna, ka jawo zaren a hankali har ya tsaya, ka nemo madaukin da ya riƙe, ka ɗaga shi da farce. Na ga samari da dama sun jefar da injinsu ƙarƙashin gado a wannan gaɓa, alhali saura kaɗan hannunsu ya faɗa.

Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar injin ce. Ka riƙa goge shi, ka ɗiga masa ɗan mai, ka naɗe a tsumma.

In ka isa tafki, nemi takardar izinin su wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji, sannan ka gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin. Su suka san inda suka shimfiɗa kalli da mamari, kuma koto mai ƙugiya uku in ya faɗa cikin kallin mutum, abincin iyalinsa ka yaga. Tambaye su inda za ka tsaya, za su nuna maka.