Kafin Ka Ba Ta Wuta: Abin da Doka Ta Tanadar wa Mai Tuƙin Ganganci

Direbobi da yawa sun ɗauka sai an yi karo sannan hukuma ke da ta cewa. Ba haka abin yake ba. A Najeriya, dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta 2007 tuƙin kansa take hukuntawa. Wanda aka samu da tuƙin ganganci, ko bai taɓa kowa ba, yana iya shan tarar naira 50,000, ko ɗaurin da zai kai shekara 2, ko a haɗa masa duka. In kuwa rai ya salwanta, ɗaurin na iya kaiwa shekara 7. A gaban alƙali "tsautsayi ne" ba ta wanke mutum. Yadda aka yi tuƙin za a duba, da irin hanyar, da yawan jama'ar da ke kanta.

Cikin nau'o'in tuƙin ganganci, gudun wuce sa'a ne kan gaba. Ƙa'idar ƙaramar mota cikin gari kilomita 50 ce a awa, a tagwayen manyan hanyoyi kuma 100. Sai shan gaban mota a kan kwana, da bin hannun da ba naka ba don gudun dogon zagaye. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wasan mota ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya: yaro ko shekara 18 ta yin lasisi bai kai ba, yana juya mota a tsakiyar mutane ana masa tafi. Maigida, mukullin nan daga hannunka ya fita, kada ka zaci ba ruwanka.

In jami'i ya tsayar da kai, tsaya. Nuna takardunka, karɓi takardar laifi, ka biya a asusun gwamnati, ba a hannun kowa ba. In kana ganin an zalunce ka, kotu za ka nufa, ba cacar baki a bakin titi ba.

In ƙaddara ta sa ka buge mutum, kada ka tsere, gudun yana ƙara wa laifin nauyi. Kai shi asibiti, ko ka kira 122, lambar gaggawa ta hukumar. In taro ya harzuƙa, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Sulhu da dangi abu ne mai kyau, amma ka sani ba lallai ya hana gwamnati gurfanar da kai ba. Nemi lauya tun da wuri.