Darasi na 14: Kwan LED da Makunnin Rage Haske

Karanta wannan bayani da kyau.

Unguwar Abatuwa da ke Jos ta samo sunanta daga mayankar dabbobi da ke cikinta. Gidajen unguwar suna shan wuta daga kamfanin JED mai rarraba lantarki. Magidanta da yawa sun koma amfani da kwan LED domin rage kuɗin wuta. Kwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon kwai mai wat 60.

A wasu gidaje akwai makunnin rage haske, wanda ake murzawa kamar na fanka. An ƙera tsohon makunnin ne domin tsohon kwai mai siririyar waya a cikinsa. Makunnin yana datse wani ɓangare na wutar, sai wayar ta rage zafi, hasken ya dushe.

Kwan LED ba haka yake ba. A gindinsa akwai ƙaramar na'ura da ke daidaita wuta. Idan ba a ƙera na'urar don karɓar datsattsiyar wuta ba, sai haske ya riƙa ƙyaftawa, makunni ya riƙa ƙara, kwan kuma ya mutu da wuri. Ga asarar kuɗi, ga ciwon ido ga ɗalibi mai karatun dare.

Saboda haka, kafin ka sayi kwai, duba kwalinsa. Idan an rubuta "Dimmable", ana iya rage haskensa. Makunnin ma ya kasance wanda aka yi don LED. Kada ka taɓa waya da kanka, domin wutar gida mai bolt 230 tana kisa. Kira mai gyaran wuta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Sababbin Kalmomi
makunni: abin kunna wuta da kashe ta
murza: juya abu da yatsu
dushe: raguwar haske
datse: yanke wani ɓangare

Tambayoyi
1. Daga ina Abatuwa ta samo sunanta?
2. Me ya sa magidanta suka koma kwan LED?
3. Kawo alamomi uku na rashin dacewar kwai da makunni.
4. Me za ka duba a jikin kwali?

Aiki
Rubuta jimloli uku na hani da suka fara da "Kada".