Darasi na Goma Sha Biyu: Hadarin Bazara da Ɗaukewar Wuta

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibai su iya:

1. bayyana yadda hadari yake haɗuwa a farkon damina;
2. lissafa irin ɓarnar da iska da tsawa kan yi;
3. faɗin hanyoyin kare kai idan an ɗauke wuta a lokacin zafi;
4. yin amfani da "kan" da "kada" a cikin jimla.

Karatu

*Lokacin Bazara*

Hausawa sun kasa shekara gida huɗu: rani da bazara da damina da kaka. Bazara ita ce lokacin da sanyin hunturu ya wuce, ruwan sama kuma bai sauka sosai ba. A garuruwan Kudu irin su Legas da Fatakwal, ruwa kan fara tun a watan Maris, amma a Kano da Katsina da Sakkwato sai wajen Mayu ko Yuni. Kafin nan ana yin zafi mai tsanani. A watan Afrilu, ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yola. Rijiyoyi kan ja baya, ƙasa kan tsage, kowa kuma idonsa yana gabas, yana jiran ranar da hadari zai taso. Sai dai ruwan da ake ɗoki ba ya zuwa a natse. Ruwan farko yakan zo da iska da ƙura da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara.

*Yadda Hadari Yake Haɗuwa*

Iska iri biyu ce take sarrafa yanayin Najeriya. Ta farko busasshiya ce, daga Hamadar Sahara take fitowa, ita ce mai kawo hunturu. Ta biyu mai laima ce, daga Tekun Atlantika take tasowa, ita ce mai kawo damina. A bazara, mai laima tana kutsowa Arewa sannu a hankali, tana tarar da ƙasa ta yi zafi zau. Zafin ƙasa kan ɗumama iskar, ta yi sama da sauri. Can sama akwai sanyi, saboda haka tururin da ke cikinta sai ya zama ɗigon ruwa da ƙanƙara, girgije ya yi ta hauhawa har tsayinsa ya wuce kilomita 10.

A cikin wannan girgije, gutsattsarin ƙanƙara suna ta gogayya da juna, lantarki yana taruwa. Idan ya yi yawa sai ya fita a matsayin walƙiya. Walƙiya kan zafafa iskar da ta ratsa har kusan digiri 30,000, iskar ta buɗe nan take da ƙara mai ƙarfi. Wannan ƙara ita ce tsawa. Kafin ruwa ya sauka kuma, iska mai sanyi kan sauko daga girgijen ta bugi ƙasa, ta bazu da gudu tana kwasar ƙura. Wannan iska ce take yin mafi yawan ɓarna. A Afirka ta Yamma irin wannan hadari yakan tafi ne daga gabas zuwa yamma, shi ya sa Bahaushe yake duban gabas idan yana neman alamar ruwa.

Kowa ya lura ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Dalili shi ne haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sauti kuwa kimanin mita 340 kawai. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa, sannan ka raba adadin da uku. Abin da ka samu shi ne nisan walƙiyar a kilomita. Wato idan ka ƙirga daƙiƙa 9, tsakaninka da ita kilomita 3 ne.

*Ɓarnar Iska da Tsawa*

Hausawa na cewa, "Iska tana wahalar da mai kayan kara." Haka yake ga gidaje ma: wanda rufinsa ba shi da ƙwari shi ya fi shan wahala. Idan ƙusoshi sun yi tsatsa ko gara ta ci katako, iska kan shiga ta ƙarƙashin kwano ta yaye shi gaba ɗaya. Kwanon da iska ta ɗauka kuwa kaifi gare shi kamar wuƙa, yana iya raunata duk wanda ya ci karo da shi. Katangar ƙasa da ba a yi wa yaɓe ba kan jiƙe ta faɗi. Azuzuwan makaranta da rumfunan kasuwa da allunan talla su ma ba su tsira ba. Inda aka cika magudanar ruwa da shara da leda, ruwa kan rasa hanya ya shiga gidaje.

Tsawa kuwa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi a wuri, kamar bishiya ko turken wuta ko mutumin da ke tsaye a fili. Saboda haka manomi a gona da makiyayi a daji da ɗalibi a filin ƙwallo su ne suka fi shiga haɗari. Da zarar an ji tsawa, a shiga gini ko mota a rufe tagogi. Kada a fake a gindin bishiya, kada kuma a tsaya a cikin kogi ko tafki. A dakata har a yi minti 30 ba a ƙara jin tsawa ba kafin a fita. Wasu suna tsoron taɓa wanda tsawa ta faɗa wa, alhali jikinsa ba ya riƙe lantarki. Abin da yake buƙata shi ne a kai shi asibiti da gaggawa.

*An Ɗauke Wuta*

Sau da yawa, iska tana tasowa wuta take ɗaukewa. Reshen bishiya kan faɗo a kan waya, turke kan karye, ko tsawa ta ƙona taransifoma. Wani lokaci kuma ma'aikata ne kan kashe layi da gangan don kare rayuka. Har yau mutane suna cewa "NEPA ta ɗauke wuta", ko da yake hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta koma PHCN a 2005, kuma a 2013 kamfanoni 11 ne suke rarraba wuta a ƙasar. Gyaran layin da ya lalace kan ɗauki kwanaki, a wasu wurare har makonni.

A nan ne wahala ta biyu take farawa. Sanyin ruwan farko ba ya daɗewa. Washegari rana kan fito ƙwal, ƙasa tana fitar da tururi, ga shi babu fanka. Injin tura ruwa ya tsaya, nama da kifi sun fara lalacewa a firiji, tela da mai walda da mai injin markaɗe sun zauna babu aiki, mai sayar da ƙanƙara ya yi asarar jarinsa. Waɗanda zafi ya fi galabaitarwa su ne jarirai da tsofaffi da mata masu ciki da marasa lafiya.

Abu na farko shi ne shan ruwa a kai a kai, ko da ba a ji ƙishirwa ba. A sa tufafi marasa nauyi, a rage aikin ƙarfi da tsakar rana, a riƙa watsa ruwa a jiki. Da dare a buɗe tagogi, ko a kwana a tsakar gida a cikin gidan sauro. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga yana taimaka wa cutar sanƙarau yaɗuwa, wadda da ma a lokacin zafi ta fi kamari a Arewa. Idan mutum ya fara jiri da ciwon kai da kasala, a kai shi inuwa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa. Idan ya ruɗe ko ya suma, a jiƙa jikinsa a garzaya da shi asibiti. Firiji kuwa, idan ba a riƙa buɗe shi ba, yana iya riƙe sanyi kimanin awa 4.

Akwai haɗari biyu da suke bin bayan hadari. Na farko shi ne wayar wuta da ta tsinke. Ko da an ɗauke wuta, kada a taɓa ta, kada a taka ruwan da take ciki, domin ana iya dawo da wuta a kowane lokaci. Na biyu shi ne janareta. Don gudun kada ruwa ya jiƙa shi, ko ɓarawo ya ɗauke, wasu kan shigar da shi ɗaki ko zaure su kunna. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutane suna barci. Wurin janareta waje ne, a ƙarƙashin rumfa, nesa da ƙofa da taga.

*Hikimar Randa*

Tun kafin zuwan lantarki, Hausawa sun san yadda ake zama da zafi. Ɗakin soro mai kaurin bango yakan yi sanyi da rana. Maficin kaba ba ya buƙatar batir. Randa kuma tana sanyaya ruwa saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kaɗan kan tsattsafo ta nan ya bushe, bushewarsa kuma ita take janye zafin abin da ke ciki.

Wannan hikima ce wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya faɗaɗa. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da haka tumatir da tattasai da yalo suke yin kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda yaɗa wannan dabara a karkara. Tukunyar ta fi aiki inda iska take a bushe, saboda haka ta fi amfani a Arewa fiye da garuruwan bakin teku.

*Shiri Tun da Wuri*

Babu mai iya tsayar da hadari, amma ana iya rage ɓarnarsa. Tun a cikin rani ya kamata a duba rufi, a sake ƙusa, a yi wa katanga yaɓe, a sare rassan da suka rankwafo kan waya, a kuma yashe magudanar ruwa. A tanadi tocila da ruwan sha, a cika waya da caji. A riƙa sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, a rediyo. Idan hadari ya haɗo, a cire kayan wuta daga soket. Bayan ruwa ya ɗauke, a leƙa maƙwabta, musamman tsofaffi, a yi musu jaje, a kama musu gyara. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi

- *hadari*: baƙin girgije mai alamar ruwan sama
- *haɗari*: abin da zai iya jawo rauni ko mutuwa
- *laima*: danshin da ke cikin iska ko ƙasa
- *yaye*: cire abin da ya rufe wani abu
- *fakewa*: shiga wani wuri don gudun ruwa ko rana
- *galabaita*: gajiya ƙwarai saboda zafi ko yunwa ko ƙishirwa
- *fifita*: kaɗa mafici don a sami iska
- *jaje*: gaisuwar da ake yi wa wanda ya yi asara

Ku lura da *hadari* da *haɗari*. Harafi ɗaya ne ya raba su. Ku maimaita wannan jimla bayan malami: "Hadarin bazara yana da haɗari."

Nahawu

(a) Ana amfani da *kan* don nuna abin da aka saba yi ko ya saba faruwa: "Iska kan yaye kwano." "Ruwan farko yakan zo da ƙura."

(b) Ana amfani da *kada* don hani: "A shiga gida" umarni ne, "Kada a fake a gindin bishiya" hani ne.

Ku mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:

1. A kunna janareta a zaure.
2. Ku taɓa wayar da ta faɗi.
3. Ka zuba shara a magudanar ruwa.

Tambayoyi

1. Kashi nawa Hausawa suka kasa shekara? Kawo sunayensu.
2. Waɗanne iskoki biyu ne suke sarrafa yanayin Najeriya?
3. Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa?
4. Idan ka ƙirga daƙiƙa 15 tsakanin walƙiya da tsawa, nawa ne nisanta?
5. Kawo dalilai uku da kan sa a ɗauke wuta a lokacin hadari.
6. Ta yaya randa take sanyaya ruwa?
7. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Iska tana wahalar da mai kayan kara."

Aikin Aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama maigidan da iska ta yaye wa rufi, ɗaya kuma maƙwabcin da ya zo jaje. Ku yi amfani da gaisuwa irin su "Sannu, Malam, ashe abin da ya faru ke nan?" da "Allah ya kiyaye gaba" da "Allah ya mayar da alheri."

Aikin Gida

Rubuta jimloli goma da Hausa a kan yadda ruwan farko yake sauka a garinku, da abin da mutanen gidanku kan yi idan an ɗauke wuta.