Muraja'ar Dara Bayan An Tashi

Ya 'yan'uwa mazauna Zangon Agege, musamman ku da ke zama kusa da titin jirgi bayan La'asar kuna buga dara, akwai wata gafala da na daɗe ina lura da ita, wato da zarar an cinye mutum sai ya share gidajen da tafin hannu, ya ce yau ba shi da sa'a, alhali kuwa dara ba ta san sa'a ba, tadabburi kawai ta sani.

Gidajenta 30 ne, kowa na da 'ya'ya 12, kuma galibin hasara tun wajen jera 'ya'ya ake yin ta, kafin a motsa ko ɗaya; wanda bai waiwaya ba, gobe ma a nan zai faɗi. Saboda haka, idan an tashi, ku bar 'ya'yan yadda suke, ku kira wani dattijo cikin 'yan kallo, domin mai kallo yakan hango abin da ya ɓoyu ga mai wasa, ku mayar da tsakuwa da karare inda suke lokacin da aka fara jera uku a kanku, kowa ya bayyana hujjarsa, kamar yadda almajirai ke muzakara bayan darasi. Ni kaina, sai da wani tsoho ya nuna mini da ɗan yatsa cewa kullum ina sakin tsakiya ina cunkushewa a gefe.

Wasan da kuka ci ma ku duba shi. Amma kada a sa kuɗi, domin caca haramun ce, kuma wanda aka ci wa kuɗi ba ya sauraron nasiha.