Sinadaran Yekuwa: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Yaƙar Sanƙarau

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wata kalmar likitanci, wato saitokin, tare da ba da shawarar sunan da ya dace da ita a Hausa. Zan kafa hujja da cutar sanƙarau, wadda ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a shekarar 1996.

Asalin Kalmar

Wani masani Ba'amurke, Stanley Cohen, shi ya ƙirƙiri kalmar a 1974 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙwayar halitta da motsi. Saitokin ƙananan sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa junansu saƙo da su.

Yadda Suke Aiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ake kira maikurogiliya, waɗanda Pío del Río Hortega na ƙasar Sifen ya bayyana a 1919. Da zarar ƙwayar cutar sanƙarau ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sai waɗannan masu gadi, tare da wasu ƙwayoyin garkuwa, su saki saitokin irin su TNF da IL-1 da IL-6. Saƙon nan shi ke ta da zazzaɓi. Haka kuma yana sassauta shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don fararen ƙwayoyin jini su shigo yaƙi.

Sai dai idan kiɗa ya yi yawa, rawa kan ɓaci. Ruwa na bin wannan kafa ya shiga, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗawa. Daga nan ake samun suma da farfaɗiya, kumburin kan kai har cikin kunne ya bar mutum da kurumta. Shi ya sa wani lokaci likitoci kan haɗa maganin kashe ƙwayar cuta da na rage kumburi.

Kammalawa

Bisa wannan bayani, ina ganin a kira su "sinadaran yekuwa". Mai yekuwa yana tara mayaƙa a ceci gari, amma idan bai yi shiru ba, taron kan rushe garin. Da fatan masu fassara za su auna wannan suna, domin iyayen da suka fahimci haɗarin za su gaggauta kai yaro asibiti da zarar zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya.