Darasi: Awo na Gaskiya a Kasuwar Yadi

Kowace shekara idan Disamba ta kama, iyaye sukan cika layin 'yan yadi, tun daga Kantin Kwari ta Kano har ƙananan kasuwannin ƙauyukanmu, domin ɗinkin Kirsimeti. Waɗansu sukan koma gida da murna, waɗansu kuwa da bashin da zai bi su har Ista. Saboda haka ya kamata mu yi nazari a kan wannan ciniki tun lokaci bai ƙure ba.

Da fari, mu san awo. Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi kuma inci 36, wato kimanin santimita 91. Mita ta fi yadi da wajen santimita 9, don haka mu tambayi mai kaya da wanne yake awo, a kuma auna a gabanmu ba tare da an ja yadin ba. Wanda aka rage wa inci 2 a kowane yadi ya yi hasarar inci 12 a yadi 6, ba kuwa zai sani ba sai tela ya ce hannun riga bai fita ba.

Na biyu, mu san abin da muke saye. A dā masaƙun Kaduna ne suke tufatar da mu. Ta farko, wato KTL, ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, sauran ma suka bi ta. Yanzu atamfa mai yawa daga Sin take zuwa, wata ma da tambarin jabu. Atamfa mai kyau launinta kusan ɗaya ne ciki da waje. Idan muka goga jiƙaƙƙen farin hankici a gefenta ya ɗauki launi, za ta zuba. Zaren auduga in an ƙona shi toka yake zama, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Zare, zif, maɓalli da shafi kuma a saye su da yadin a hannu, domin launi ya dace.

Shin Allah yana da ruwa da waɗannan ƙananan abubuwa? Ƙwarai kuwa. A Littafin Firistoci 19:35-36 ya hana ha'inci a awon tsawo, da na nauyi, da na mudu. Wannan doka ta hau kan ɗan kasuwa, ta hau kan telan da yake riƙe ragowar yadi ba da sanin mai shi ba, ko yake sa ranar da ya san ba zai cika ba. Mai saye ma bai tsira ba, gama Karin Magana 20:14 ta tona asirin wanda yake kushe kaya don ya karya farashi, sa'an nan ya tafi yana fahariya. Haka nan wanda ya karɓi ɗinki ya riƙe kuɗin tela.

Akwai kuma batun anko. Abin kirki ne Zumuntar Mata ko 'yan kwaya su fito da kaya iri ɗaya, amma waɗanda aka aika saro yadin su bayyana kuɗinsa a fili, a kuma zaɓi wanda mafi ƙarancin hali zai iya saye. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan gwauruwa ta ƙi zuwa coci ranar idi don ba ta da anko, mun faɗa cikin bambancin da Wasiƙar Yakubu 2:1-4 ta tsawata a kai. Mu tuna da Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka yi kukan mutuwarta suna nuna rigunan da ta ɗinka (Ayyukan Manzanni 9:36-42).

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Nawa za mu iya kashewa a ɗinkin bana ba tare da mun taɓa kuɗin makarantar yara ba?
2. Akwai telan da yake bin mu bashi?
3. Wane maraya ne a unguwarmu za mu ɗinka wa riga kafin Kirsimeti?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai gaskiya a saye da sayarwa. Amin.