Yadda Ake Gano Siffar Makarɓin Saƙo da Motsinsa ta Hanyar Maganaɗisu

A bangon ƙwayoyin halittar jikinmu Allah ya dasa waɗansu furotin masu karɓar saƙo daga waje su isar da shi ciki, daga cikinsu kuwa akwai wanda ake kira beta-2, mai amsa kiran adirenalin, kuma beta-2 ɗin ne maganin asma irin salbutamol yake kamawa har hanyar numfashi ta buɗe. An sami siffarsa a 2007 bayan an daskarar da shi, amma da yake abin da ke cikin sukuni ba ya ba da labarin harakarsa, sai masana suka koma ga hanyar maganaɗisu da ake kira NMR, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka gano asalinta a 1946.

Da farko akan sa ƙwayoyin halittar ƙwari da ake reno a kwalba su ƙera furotin ɗin, ana ciyar da su abinci mai kabon-13, domin kabon na yau da kullum ba ya amsa wa maganaɗisu. Sa'an nan a ɓanɓaro shi da wani sabulu mai taushi, nan kuwa wahalar take, gama ya ratsa bangon har sau bakwai, in ya rabu da maiƙon da ya saba zama a ciki yana iya lalacewa, aikin makonni ya tafi a banza.

Idan ya tsira, sai a zuba shi cikin siririyar kwalba, a zura ta cikin wani ƙasaitaccen maganaɗisu da ruwan heliyom yake sanyaya wa, a riƙa aika masa igiyar rediyo. Kowace cibiyar zarra ta kabon-13 takan mayar da amsa gwargwadon abin da ke maƙwabtaka da ita, kwamfuta kuma ta zana amsoshin ɗigo-ɗigo. A auna furotin ɗin ba magani, a sake aunawa da magani. In ɗigo ya gusa, siffa ta sauya. In ya rabu biyu, siffa biyu ke nan furotin ɗin yake kai da komowa tsakaninsu. In ya yi faɗi ya dushe, daga nan ake ƙiyasta saurin juyawar, wanda a ganina shi ne mafificin fa'idar wannan hanya.

Da haka ne Brian Kobilka da abokan aikinsa suka tabbatar a 2013 cewa magani shi kaɗai ba ya tsayar da beta-2 a kan siffar aiki, sai wani furotin na cikin ƙwayar ya kama shi tukuna. Kusan sulusin magungunan da ake sha a yau a kan dangin wannan makarɓi suke aiki.